Maganar Kan Gada

Ranar da likita ya ɗaye audugar da ke idon Mai Agogo, kowa a ɗakin ya yi murna, ban da matarsa. Ba wai ba ta yi hamdala ba, ta yi, har da ƙwalla. Amma hamdalar ba ta gama fita daga bakinta ba tsohon ya juyo, ya ƙura mata idon nan guda da aka gyara, ya ce, "Uwar Biyu, ashe haka kika yi furfura ba ki faɗa mini ba?" Sannan ya waiwayi likita ya ce, "To yaushe zan iya kallon fim?"

Nan take fara'arta ta ɗauke.

Likita ya yi dariya, ya ce sai bayan kwana bakwai. Kafin nan ba kallo, ba sunkuyo, ba shiga ƙura. Ɗaya idon kuwa sai an yi wata biyu a gyara shi. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ta ɗauki hutu a wurin aiki ta kawo su asibitin, ta saci kallon uwarta, ta danne dariya da bakin mayafi. Ita kaɗai ta san abin da ke ƙasa.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san dalilin wannan faɗuwar gaba.

Shekara arba'in Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Mutum ne mai tsantseni, mai ƙarancin magana, kuma ba abin da ya tsana kamar ƙarya. Agogon da ya makara da minti ɗaya, maƙaryaci yake kiransa, a gaban mai shi. Da yanar ido ta rufe masa gani, ya kuma kafe a kan ba mai sa masa wuƙa a ido, sai ya rufe shago ya dawo gida ya zauna. Zama irin wanda ke cin mutum. Ɗakinsu ɗan ƙarami ne: gado, kabad, kujera biyu, da bango mai ɗauke da agogo goma sha ɗaya, waɗanda suka tsaya ɗaya bayan ɗaya don ba mai taɓa su. Wata rana ma ya ce da ita ta tattara ta koma wurin 'yan biyunta, ta huta da jinyar makaho. Ta shiga kicin ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

A lokacin ne Auta ta kawo musu talabijin da na'urar saka faifai. Tsohon ya ce me makaho zai yi da wannan tarkace. Amma wata la'asar, matar tana kallo ita kaɗai da murya ƙasa-ƙasa, ya ji sukuwar doki da wani irin kiɗa mai tayar da tsikar jiki, sai ya ce, "Me ke faruwa?"

Ta ce, "Wani doki ne mai fukafukai ya tashi sama da wani saurayi."

"Ina za su?"

"Neman wata yarinya, da alama. Sarkin iska ne ya sace ta."

Ya gyara zama. Daga ranar, kowace la'asar, ita ce idonsa.

Ba kowane fim suke kallo ba. Irin wanda mutane ke zaune a falo suna gardama ba ya burge su, ai su ma suna da wurin zama, sun kuma iya gardama. Su dai a ba su wanda mutum zai bar gida da ɗan ƙunshinsa, ya ƙetare kogin wuta, ya yi faɗa da maciji mai kai uku, duk don wata mace da ya gani sau ɗaya a bakin rijiya. Awa biyu ɗin nan, bangon ɗakin sai ya ja da baya. Tsohon da ba ya iya zuwa ƙofar gida sai an riƙe masa hannu, sai ga shi a kan gajimare yana cewa, "Ya kama linzamin da kyau kuwa? Kada ya faɗo!" Ita kuma da gwiwarta mai ciwo sai ta ji kamar ita ce ke gudu a kan katanga da fitila a hannu. Kuma a irin wannan fim mutane suna buɗe baki su faɗi abin da ke ransu, kai tsaye, ba kunya ba kwana-kwana. A wurin Uwar Biyu wannan ya fi dokin mai fukafukai ban mamaki.

To, ga inda matsalar take. Finafinan da wani yare ake yin su, wanda daga ita har shi ba mai ji. Fassarar tana gudu a rubuce a ƙasan talabijin. Shi ya yi makaranta, da yana gani da ya karanta. Ita kuwa shi ne ya koya mata karatu a farkon aurensu, da fensir da bayan kwalin sabulu, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Sai dai karatun nata na hankali ne, na bin harafi da yatsa. Kafin ta haɗa kalma biyu rubutun ya tsere, wani ya zo. Ranar farko da ya ce, "Me ta ce masa?" ta buɗe baki za ta ce ba ta kama ba, sai ta ga yadda ya karkato da kunne, fuskarsa ta yi haske karon farko cikin watanni. Sai kawai ta faɗi abin da ya zo bakinta.

Haka aka yi shekara shida.

Cikin faifan duka akwai wanda suka fi so, suna ce masa na gada. Sun kalle shi ya fi sau talatin. A cikinsa saurayin yakan hau duwatsu bakwai, ya iso wata gada ta gilashi da ke rataye tsakanin ƙasa da birnin gajimare, yarinyar ta taho a guje ta tarye shi a tsakiya. Nan sukan tsaya su yi doguwar magana, iska tana kaɗa musu tufafi. Uwar Biyu, da ta ga wuri ya samu, sai ta zuba wa yarinyar nan abin da ita ba ta taɓa iya faɗa ba cikin shekara arba'in da huɗu na aure. Tun tana canza kalmomin har suka zauna daram, kullum iri ɗaya. Idan kuma saurayin ya amsa, tsohon ya ce, "Shi fa, me ya ce?" sai ta ce, "Shi surutu kawai yake yi, zancen hanya ne." Ba ta san abin da namiji ke cewa a irin wannan wuri ba. Ba ta taɓa ji ba.

Ƙarshen fim ɗin ma ta gyara shi. Abin da ake nunawa shi ne saurayin ya dawo gida shi kaɗai, wata farar tsuntsuwa ta sauka a kafaɗarsa, ya shiga ya rufe ƙofa. Ita kuwa takan ce tsuntsuwar ai yarinyar ce, da ya rufe ƙofa ta rikiɗe ta koma mutum. Sa'ad da sunayen 'yan wasa ke hawa a baƙin allo, sai ta ce, "Ga su nan sun tsufa tare, yana gyara mata kujera." Tsohon yakan yi ajiyar zuciya ya ce, "Madalla. Haka ya kamata."

Yanzu ga ido ya buɗe, saura kwana bakwai.

Kwana na farko ta sa gishiri a shayi. Na biyu ta ƙona shinkafa, ta tsaya tana kallon hayaƙin kamar ba tukunyarta ba. Ba ta iya zama. Ta share ɗakin da ta share, ta ninke kayan da ta ninke, ta fita ƙofar gida ta dawo ba ta san abin da ya fitar da ita ba. Shi kuwa tsohon yana zaune da baƙin tabarau, yana ta kallon duniya kamar baƙo: tsagewar bango, launin labule, hannayensa. Kowace safiya sai ya ɗaga yatsu ya ce, "Saura shida." "Saura biyar." Kowane lissafi kamar an ɗora mata dutse a ƙirji.

Da Auta ta zo ɗiga masa magani, uwar ta ja ta kicin ta turo ƙofa.

"Ke, ya zan yi?"

"Umma, ki faɗa masa kawai mana. Mene ne a ciki?"

"In faɗa masa me? In ce shekara shida ina shirga masa ƙarya? Mutumin da ke zagin agogo a kan minti ɗaya?"

"To ai ba ƙaryar ce ke damunki ba," in ji Auta, tana murmushi. "Maganar kan gadar ce. Ni fa na ji ta ranar da na iske ku kuna kallo, na buɗe baki zan gyara miki fassarar kika mintsine ni. 'Kai ne garinmu.' Umma! Ashe haka kike?"

Ta ɗauki ludayi ta yi kamar za ta kwaɗa mata. "Mara kunya. Fita min daga kicin."

Amma gaskiya yarinyar ta faɗa. Ƙarya ana neman gafararta. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ya gane cewa maganganun nan nata ne, daga cikinta suka fito, shi take nufi. Idan ya yi dariya fa? Idan kuma bai ce komai ba, ya kau da kai kamar yadda yake yi idan an kawo masa agogon da ba ya gyaruwa? Da wane ido za ta ƙara miƙa masa kofin shayi?

Sai ta yanke shawarar faifan ya ɓata. Da farko ta ɗauki ƙusa za ta karce shi, ta riƙe shi a hasken taga, ta ga fuskarta a ciki, hannunta ya ƙi. Ta tura shi ƙarƙashin katifa. Bayan awa ɗaya ta tuna tsohon a nan yake kishingiɗa, zai iya fasa shi, ta ciro. Ta binne shi cikin robar shinkafa, ta tuna Auta takan buɗe. Ta ɗora saman kabad, ta ga gefensa yana ƙyalli daga ƙofa. Tana tsaye tsakiyar ɗaki da faifai a cikin zani, tsohon yana banɗaki, sai idonta ya faɗa kan akwatin kayan aikinsa da ke ƙarƙashin gado. Shekara shida ba wanda ya buɗe shi. Ta ce a ranta, nan ne wurin da ba a taɓawa. Ta sa shi can ƙasa, ƙarƙashin tsumman goge gilashi, ta mayar da akwatin, ta sami ɗan numfashi.

Abin da ba ta tuna ba, mai hana buɗe akwatin nan ai shi ne aka cire a asibiti.

A kwana na biyar ta dawo daga sayen sabulu ta iske shi zaune gaban tebur. Tun da an hana shi sunkuyo, da sandarsa ya jawo akwatin, ya sa maƙwabci ya ɗora masa. Ya jera ƙananan sukudirebobi bisa tsawonsu, ga hantsaki, ga ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Faifan na gada yana gefe guda, an goge shi tas.

"Uwar Biyu, wa ya sa fim cikin kayan aikina?"

"Ni ce, Malam. Don kada ƙura ta taɓa shi."

"Kin kyauta. Saura biyu."

Ranar bakwai, tun azahar ya yi wanka, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da la'asar ta yi, da kansa ya saka faifan, ya jawo kujera kusa, ya ce, "Yau ki huta. Bakin nan naki ya yi aikin shekara shida."

Ta zauna a bakin gado, hannuwa cikin cinya. Da farko abin ya tafi lafiya. Dokin ya buɗe fukafukai, tsohon ya ce, "Kai! Ashe fari ne! Ni ja nake ganinsa." Macijin ya fito daga kogi, ya ja baya da kujera yana dariya. Ita ba ta ganin komai. Dutse na huɗu, na biyar. Ta tashi ta ce za ta duba ruwa a wuta. Ya ce ba abin da ke kan wuta, ta zauna. Na shida. Na bakwai. Gadar ta bayyana tana walƙiya, yarinyar ta taho a guje.

Tsohon ya matso, leɓɓansa suna motsi tun kafin ta fara magana. Sai suka tsaya. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu. Ya ɗauki rimot ya mayar baya, ya sake karantawa, a fili wannan karon.

"'Mabuɗin yana wuyan mai gadi. A murɗa shi sau uku kafin rana ta faɗi. Ƙofar gabas tana da dakaru goma sha biyu.'" Ya juyo. "Mene ne wannan?"

Ya ci gaba da kallo, fuska a murtuke, har ƙarshe. Yarinyar ta zaɓi zama a birnin ubanta, saurayin ya dawo shi kaɗai, tsuntsuwa ta sauka, ƙofa ta rufe, allo ya yi baƙi. Ya jira. Sunaye suka hau suka ƙare. Ya ƙara jira.

Uwar Biyu ta ce, "Malam..."

"An cuce mu," in ji shi, ya miƙe tsaye. "An canza mana faifai. Na san za a yi haka. Wata biyu da suka wuce ba kin kai wa Mai Faifai ya wanke shi don yana tsalle ba? To ya riƙe namu mai kyau, ya ba ki na jabu. Ya ga tsohuwa da makaho." Ya ciro faifan, ya sa hula. "Yau zai san makahon ya warke."

"Malam, tsaya, ƙura fa, likita ya ce..."

Ina! Ya riga ya fita.

Ta zari mayafi ta bi shi, takalmi ɗaya nata ɗaya na wanka. Mutumin da jiya-jiya sai an ja shi, yau ga shi yana tafe kamar zai kama mota. Ya tsallake kwata, ya kauce wa mai keke, ya wuce shagon tela da na mai gyaran waya, mutane suna yi masa barka da arziki yana ɗaga hannu ba ya tsayawa. Tana biye tana haki, tana shirya magana a ranta tana rushewa. A kan kwana ta kusa kamo hannun rigarsa, wata mota ta gitta tsakaninsu.

Shagon Mai Faifai ɗan lungu ne tsakanin mai aski da mai sayar da lemo, bangonsa duk hotunan jarumai da takubba. Mai shagon mutum ne mai sanyin hali, mai 'ya'ya huɗu, shekara da shekaru yana zaɓa wa tsofaffin nan finafinai, yana ajiye musu duk wanda ya ga akwai doki da soyayya a ciki. Da ya hango su ya taso da fara'a.

"Baba! Ido ya buɗe? Alhamdu lillahi! Mama, barka!"

"Riƙe barkarka," in ji Mai Agogo, ya ajiye faifan a kan kanta. "Ina namu?"

"Naku kuma? Ai shi ne wannan."

"Wannan na mabuɗi ne da dakaru. Namu na gada nake nema."

Mai Faifai ya rasa gane kan zancen. Ya ɗauko wani kwafin daga kan shiryayye, sabo a leda, ya saka a talabijin ɗin shago, ya kai wurin gadar. Rubutu iri ɗaya: mabuɗi, mai gadi, ƙofar gabas. Kafin nan mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai. Wasu mata biyu da suka zo sayen lemo suka tsaya.

"Duk ka canza su," in ji tsohon. "Ni za ka yi wa wayo? Fim ɗin da na ji sau talatin? Na haddace shi! Ga abin da take cewa a wurin nan." Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya fara da ƙarfi yadda duk layin zai ji:

"'Ka hau duwatsu bakwai don ka zo, amma tun kana na farko na ji takunka. Na san takunka cikin takun mutum dubu. Na san yadda kake buga cokali sau uku a bakin kofi kafin ka sha. Ba ka taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba, amma ina ganin yadda kake suɗe kwano, kuma wannan ya ishe ni. Idan duhu ya zo maka, kada ka ce in tafi. Ba ni da inda zan je. Kai ne garinmu.'"

Uwar Biyu ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, wane fim ne wannan? A ba ni shi." Mai aski ya ce, "'Yar sarkin iska ce ke girki har ana suɗe kwano?"

Mai Faifai ya ce, "Baba, wallahi da akwai wannan maganar a fim ɗin nan da tuni ya ƙare a shagona."

"Rantsuwa kuma? A kan ƙarya?" Tsohon ya juya ga mutanen da suka taru. "Ku shaida, mutumin nan da muka amince da shi..."

Uwar Biyu ta ga fuskar Mai Faifai ta canza, ya dubi maƙwabtansa, ya dubi ƙasa. A wannan layin yake cin abinci, kuma maganar Mai Agogo ba a mayar da ita wasa, kowa ya san bai taɓa yi wa wani ƙazafi ba. Kalma ɗaya ta rage a kashe masa kasuwa.

"Ni ce," in ji ta.

Ba a ji ba. Ta ƙara da ƙarfi, idonta a kan takalmanta da ba su dace ba. "Malam, ni ce. Bawan Allahn nan bai canza komai ba. Rubutun yana yi mini sauri, ban taɓa kama shi ba. Duk abin da ka ji, ni na faɗa."

"Har tsuntsuwar?"

"Har ita."

"Da maganar gadar?"

Ta gyaɗa kai.

Mai aski ya ja abokin cinikinsa suka koma ciki. Matan suka tuna da lemonsu. Sannan Mai Agogo ya cire hula, ya ce da Mai Faifai, "Na zalunce ka a gaban mutane. Ka yafe mini, a gabansu." Ya leƙa shagon aski ya maimaita, don su ma su ji. Ya ɗauki faifansa ya kama hanya.

Komawar ta fi zuwan tsawo. Yana gaba tana baya. Da suka shiga ɗaki ya zauna gaban tebur, ya sauko da agogo ɗaya daga bango, ya buɗe bayansa, ya maƙala gilashi a ido. Ita ta shiga kicin ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta dafa shayi ta kawo ta ajiye a gefensa. Ga shirun da take tsoro, ya zo.

Ya ɗauki cokali, ya juya shayin, ya buga a bakin kofi. Ɗaya, biyu. Sai ya tsaya da cokalin a sama, yana kallonsa. Ya buga na ukun a hankali.

"Dama na sha mamaki," in ji shi, bai ɗago ba. "Na ce ashe a birnin gajimare ma akwai mai irin halina."

Ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta tsaya riƙe da faranti.

"Karatun da na koya miki ashe bai kai ba."

"Ya kai, Malam. Ina karanta takardar magani. Wannan ne yake gudu kamar an biyo shi."

Ya cire gilashin daga ido, ya tashi ya saka faifan, ya yi ta dannawa har gadar ta fito. Ya tsayar da hoton daidai inda yarinyar ta buɗe baki. Sannan ya ɗaga kujerarsa ya juya ta, ya ba talabijin baya, ya fuskanci bakin gado.

"Zauna. Na ga nasu, mabuɗi ne da dakaru. Namu nake so."

"Haba Malam. Ai ka haddace, duk layi ma sun ji."

"Na ji shi sau talatin, ban taɓa ganin mai faɗa ba."

Ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ba zan iya ba kana kallona. Rufe idon."

"Shekara shida yana rufe, yanzu kuma in rufe? Ga ɗayan nan ba a gyara ba. Yi magana da shi."

Dariya ta kuɓuce mata, ta haɗu da hawaye. Ya danna rimot ta bayan kafaɗa, kiɗan ya tashi, iska ta fara kaɗa tufafin mutanen da ba mai kallonsu. Ta fara, murya can ƙasa, tana tuntuɓe a kalmomin da ta faɗa sau talatin ba gargada. Ta tsallake zancen kwano don kunya, ya ce, "Kin bar wani wuri," ta koma ta faɗa. Da ta kai ƙarshe ba ta iya ɗaga kai ba.

A bayansa muryar saurayin ta fara, cikin yaren nan da ba su ji. Bisa sabo ta buɗe baki za ta ce zancen hanya ne.

"A'a," in ji Mai Agogo. "Wannan ni zan fassara."

Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya dubi agogon da ya buɗe, ya dubi hannunsa, kamar mai neman wata 'yar ƙaramar ƙusa da ta faɗi.

"Ya ce... ya ce shi ma ya san takunta. Ƙafarta ta hagu tana ɗan jan ƙasa. Ya ce shekara shida da wannan takun yake sanin gari ya waye." Saurayin yana ta zuba a bayansa, tsohon ya ci gaba. "Ya ce ranar da ya ce ta tafi, da ta tafi, da bai kai wata ba. Kuma girkin yana da daɗi. Ban da shinkafar ranar nan."

"Duk wannan ya faɗa?" in ji ta, tana goge ido da bakin mayafi. "Ai har yanzu bai gama magana ba."

Tsohon ya karkata kunne ya saurari saurayin na ɗan lokaci.

"Sauran zancen hanya ne," in ji shi. Ya miƙa hannu ya gyara mata ɗaya kujerar kusa da tasa. "Taso daga bakin gadon nan, gwiwarki. Muna da sauran tafiya kafin tsuntsuwar."